Feret: dabbar gida ta ƙasashen sanyi, da abin da kiwonta yake bukata

Kowace dabba da ƙasarta, kowace kuma da irin kiwon da ya dace da ita. Raƙumi yana jure ƙishirwa, agwagwa kuwa ba ta rabuwa da ruwa. Yau za mu duba wata ƴar dabba wadda mutanen Turai da Amurka suke ajiyewa cikin ɗaki, kamar yadda muke ajiye kyanwa. Sunanta feret. Wataƙila wasunku sun ga hotonta cikin wayar salula, ko sun ji labarinta a bakin ƴan uwa mazauna Faransa. Kyakkyawa ce, mai son wasa. Amma kiwonta yana da sharuɗɗa masu tsanani. In an saɓa musu dabbar ta kan mutu, wani lokaci ma mutanen gida su cutu.

Wace irin dabba ce?

Ingilishi suna ce mata feret. Faransawa suna cewa fure, amma mun bar wannan suna don kada a rikita ta da furen itace. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta ƙaramin ɓarawo. Sunan ya dace da ita, domin ta kan ɗauki takalmi, ko mabuɗi, ko guntun nama, ta kai wani lungu ta ɓoye.

Jikinta dogo ne siriri, ƙafafunta gajeru ne. Tsawonta daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya kamar santimita 50 ne, wato wajen kamu ɗaya. Namiji ya kan kai kilo 1 zuwa 2, mace kuwa kilo 1 ko ƙasa da haka. Yawancinsu ruwan ƙasa ne mai duhu, da baƙin tabo kewaye da idanu. Akwai kuma farare fat masu jajayen idanu. In ta sami kulawa ta kan yi shekara 6 zuwa 10.

Wanda ya gan ta zai ce tunku ce. Masana dabbobi sun nuna cewa tunku danginsa dabam ne. Ƴan uwan feret a dajinmu su ne bodari da dage. Kakanta wata dabbar daji ce ta Turai mai wari kamar bodari. Daga ita ce mutane suka horar da feret, fiye da shekara 2000 da suka wuce.

Don me aka horar da ita?

Don farautar zomo. Zomon Turai rami yake haƙawa ya zauna cikin ƙasa, kuma yana ɓarnar gonaki ƙwarai. Wani masanin ƙasar Girka mai suna Istirabo, wanda ya rayu shekara 2000 da suka wuce, ya rubuta yadda mutanen Sipaniya suke ɗaure bakin wannan dabba su tura ta cikin rami. Zomaye su fito a guje, mafarauta su kama su a bakin ramin. A Ingila har doka aka yi a shekarar 1390, aka hana wanda ba shi da dukiya yin farauta da ita.

Har yanzu akwai masu wannan farauta a ƙauyukan Ingila. Amma yawancin masu feret a yau suna ajiye ta ne don ɗebe kewa. Ga abubuwan da dole mai ita ya kiyaye.

1. Abinci: nama ne kawai

Feret ba ta cin hatsi, ba ta cin ganye. Hanjinta gajere ne. Abin da ta ci yana fita bayan awa 3 ko 4. Cikinta ba ya iya narkar da tsaba ko ciyawa kamar na akuya. Saboda haka tana bukatar abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, kuma ya zama mai nama da kitse.

A ƙasashen da ake kiwonta ana sayar da busasshen abinci na musamman dominta. In ba a samu ba, a kan ba ta abincin ƴaƴan kyanwa mai kyau. Abincin kare bai dace da ita ba, don hatsi ya yi yawa cikinsa. Wasu masu kiwo suna ba ta ƴan tsaki ko ɓeraye ɗungurungum, da ƙashi da kayan ciki. Dalili shi ne tsokar nama ita kaɗai ba ta isa ba, ƙasusuwanta za su yi rauni. Mai ba da ɗanyen nama ya tabbata sabo ne, ya wanke hannunsa da ƙwaryar da sabuni, ya kuma duba lungunan da ta kan ɓoye saura kada ya ruɓe.

Abubuwan da ba a ba ta: tuwo, shinkafa, burodi, sukari, dabino, alewa, cakulan, albasa, da madara. Madara tana sa ta zawo. Albasa da cakulan guba ne gare ta. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke mata dare da rana. A zuba shi cikin kwano mai nauyi, don ta kan kifar da marar nauyi wajen wasa.

2. Zafi: shi ne babban maƙiyinta

Wannan shi ne batun da ya fi shafar ƙasarmu. Mutum in ya ji zafi zufa ta kan fito masa, iska ta busa, jiki ya yi sanyi. Feret ba ta yin zufa sosai, ga shi kuma tana da gashi mai kauri. Ta fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 da 21, kamar sanyin asuba a lokacin ɗari. In ya kai digiri 30, ranta yana cikin haɗari.

Alamun da ke nuna zafi ya buge ta su ne: ta buɗe baki tana haki, miyau yana dalala, ta miƙe a ƙasa ta kasa tashi, dasashinta ya yi ja wur. In an ga haka a ɗauke ta nan da nan zuwa wuri mai sanyi. A jiƙa ƙafafunta da cikinta da ruwan randa. Kada a tsoma ta cikin ruwan ƙanƙara, domin sanyi na farat ɗaya shi ma yana da illa. Sannan a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi.

Ko a Turai, in bazara ta yi, masu ita su kan naɗe kwalbar ƙanƙara cikin tsumma su ajiye mata a keji. Ba a barin kejinta a rana. Ba a barin ta cikin mota a rufe. Fanka ita kaɗai ba ta wadatar da ita, tun da ba zufar da iska za ta busar.

3. Makwanci da wasa

Feret mai barci ce. Ta kan yi barcin awa 14 zuwa 18 a kwana ɗaya. Ta fi tashi da asuba da kuma almuru. Barcinta yana da nauyi, har baƙo ya zaci ta mutu. Tana son wuri mai duhu, da tsofaffin tsummoki da za ta shige ciki, tamkar rami.

Kejinta ya zama mai faɗi, na ƙarfe, mai ƙofa da sakata mai ƙarfi. Duk da haka ba a kulle ta yini sur. Tana bukatar a sake ta awa 2 zuwa 4 kowace rana, ta yi gudu da tsalle, idon mai ita yana kanta. Ba ta son kaɗaici, shi ya sa mutane da yawa suke ajiye biyu.

Kafin a sake ta sai an gyara ɗakin. Duk kafar da kanta ya shiga, jikinta zai bi. Kafar da yatsu biyu za su shiga tana iya isar ƙaramar feret. A toshe ramuka, da magudanar ruwa, da ƙarƙashin ƙofa. A duba kujera da shimfiɗa kafin a zauna, don ta kan shige cikinsu.

Babban haɗarin cikin ɗaki shi ne haɗiye-haɗiye. Tana son tauna roba, da soso, da silifas, da leda. Guntu ɗaya ya isa ya toshe mata hanji. In ta daina cin abinci, tana amai, kashi ya ragu ko ya tsaya, to kada a jira gobe. Sau da yawa sai an yi mata aiki kafin ta tsira.

4. Wari da tsabta

Ƴar uwar bodari ba ta rasa wari. Warin yana fitowa daga maiƙon fatarta. Tana kuma da ƴan jakunkuna biyu a gindin wutsiya, waɗanda ta kan saki in ta firgita. Yawan wanka ba ya kawar da warin. Yana ma ƙara shi, domin fatar ta kan bushe ta ƙara fitar da maiƙo. Wanka ɗaya a wata ya isa. Abin da ke rage wari shi ne wanke tsummokin makwancinta kowane mako, da kwashe kashinta kowace rana.

Bisa ɗabi'arta a kusurwa take kashi, kuma nesa da wurin cin abincinta. Sai a ajiye mata faranti a kusurwar da ta zaɓa. A riƙa yanke mata akaifa bayan mako biyu ko uku, a riƙa duba kunnuwanta saboda ƙananan ƙwari, da jikinta saboda ƙuma.

5. Mace tana da nata haɗari

Akuya in lokacin barbara ya zo ba ta sami bunsuru ba, abin ya kan wuce bayan kwana ɗaya ko biyu. Macen feret ba haka take ba. A Turai lokacinta yana farawa wajen watan Maris. In ba ta sami namiji ba, jikinta zai zauna cikin wannan hali har wajen Satumba. Wannan yana raunana ɓargonta, wanda shi ne yake ƙera jini. Jini ya ragu, dasashi ya yi fari, gashi ya zube, ƙarfi ya ƙare. Da yawa su kan mutu ta haka. Alamar farko ita ce gabanta ya kumbura. In kumburin ya daɗe makonni, a nemi likita.

Likitocin dabbobi suna da hanyoyi. Akwai allurar da ke tsayar da abin. Akwai wani ɗan magani kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa ƙarƙashin fata, yana aiki fiye da shekara. Akwai kuma aikin cire mahaifa. Sai dai an gano cewa feret da aka yi wa aiki tun tana ƙarama, mace ko namiji, ta fi kamuwa da wani ciwo daga baya mai zubar da gashi. Don haka likita ne zai zaɓi hanya da lokaci.

In an bari ta ɗauki ciki, ta kan haihu bayan kwana 42. Ta kan haifi wajen ƴaƴa 8. Suna zuwa idanunsu a rufe, sai sun yi wajen mako 5 suke gani. Ana yaye su a mako 6 zuwa 8.

6. Cututtuka da rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Allura biyu ne suka fi muhimmanci.

Ta farko ita ce ta annobar karnuka. Da Faransanci ana kiran wannan cuta da sunan Carré, likitan da ya gano irin ƙwayar da ke kawo ta a shekarar 1905. Tana sa zazzaɓi, da kwantsa a ido, da majina, da ƙuraje a haɓa, tafin ƙafa kuma ya yi kauri. Kare ya kan warke wani lokaci. Feret kuwa kusan duk wadda ta kamu mutuwa take yi, kuma babu magani. Ko ba ta fita waje ba, mutum yana iya kawo mata cutar a takalmi ko tufafi. Ana fara allurar tana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan ƴan makonni, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara.

Ta biyu ita ce ta ciwon haukan kare. Ana yin ta in dabbar ta kai wata 3. Wannan ciwo yana kama mutum, kuma in alamunsa suka bayyana babu warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta cizon kare.

Feret tana ɗaukar mura mai zazzaɓi daga mutum, mutum ma yana iya ɗauka daga gare ta. Ta wannan hanya ce masu bincike a birnin Landan suka fara ware ƙwayar wannan mura a shekarar 1933: sun ɗiga wa feret ruwan maƙogwaron marasa lafiya a hanci, ta kamu. Cutar korona ma tana kama ta. Saboda haka mai mura ya nisance ta, kada ya sumbace ta, ya wanke hannu kafin ya taɓa abincinta.

Sauro ma yana cutar da ita. Yana sa mata wata tsutsa mai zama cikin zuciya. Zuciyarta ƙarama ce, tsutsa ɗaya ko biyu sun isa su kashe ta. Akwai maganin rigakafi da ake ba ta kowane wata a wuraren da sauro yake da yawa.

In ta wuce shekara 3, ta kan gamu da ciwon da ke sa sukarin jininta ya faɗi. Sai ta tsaya ta ƙura ido wuri ɗaya, miyau yana zuba, ƙafafun baya suna ja. A shafa mata ɗan zuma a dasashi, sannan a kai ta wurin likita. Kada a taɓa ba ta maganin mutane, irin su parasetamol ko ibuprofen. Ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.

7. Yara da kaji

Duk horon da aka yi mata, feret mafarauciya ce. Haƙoranta suna da kaifi, in ta kama kuma ba ta saurin saki. An sha samun labarin ta ciji jarirai a fuska da yatsu suna barci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawara kada a ajiye ta a gidan da akwai yaro ƙasa da shekara 5. Ko daƙiƙa ɗaya kada a bar ta da jariri su kaɗai.

In ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabuni har minti 15, sannan a tafi gidan likita a ranar. Haka ma za a yi da cizon kare ko kyanwa.

Kaji, zabi, tantabaru da zomaye duk abin farautarta ne. In ta shiga akurki da dare, asarar ba za ta tsaya kan kaza ɗaya ba.

8. Abin da doka ta ce a wasu ƙasashe

Ba ko'ina aka yarda a ajiye ta ba. Ƙasar Niyu Zilan ta zama darasi. Tun wajen shekarar 1880 aka riƙa kai feret can ana sakin su a daji don su rage zomaye. Sai suka juya kan tsuntsayen ƙasar masu sheƙa a ƙasa, irin su kiwi, wanda ba ya iya tashi. Tun shekarar 2002 aka hana sayar da su da kiwon su a ƙasar, sai mai izini na musamman. A Amurka jihohin Kalifoniya da Hawai sun hana ajiye ta. Haka ma jihar Kwinsilan a Ostareliya. A Tarayyar Turai kuwa, in za a ƙetare iyaka da ita, dokarta ɗaya da ta kare da kyanwa: sai tana da lambar shaida a ƙarƙashin fata, da allurar haukan kare, da takardar likita.

Ko ta dace da ƙasarmu?

Mu auna da hankali. A watannin Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40 a Yamai, da Tawa, da Maraɗi, da Damagaram. Cikin ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Ko a watan Janairu, da tsakar rana ya kan kusa digiri 30. Ke nan dabbar da digiri 30 yake yi wa barazana ba ta da wurin zama a gidajenmu, sai ɗaki mai na'urar sanyaya iska wadda ba ta tsayawa. In wuta ta ɗauke da azahar a tsakiyar bazara, awa kaɗan sun isa ta mutu.

Ga kuma sauran nauyin: nama kowace rana har shekara 6 ko 10, da allurai, da likitan da ya san ta. Ga sauro da damina, ga karnukan da ba a yi wa rigakafi ba, ga kaji a tsakar gida, ga jarirai a kan tabarma. Wanda aka yi wa tayin ta, ko kyauta ce, ya dubi waɗannan duka tun kafin ya miƙa hannu. Mai neman abin da zai kore masa kusu da ɓera daga rumbu, kyanwa ta ishe shi, ita ta san zafin ƙasar nan. Ɗan uwan da ke zaune Turai kuma yake da feret, in zai zo gida ganin dangi, ya bar ta can wurin wanda zai kula da ita.

Abubuwan da za a riƙe

1. Feret nama take ci, ba a ba ta hatsi, ko madara, ko kayan zaƙi.
2. Zafin digiri 30 yana iya kashe ta.
3. A sake ta ta yi wasa kowace rana, amma a toshe ramuka, a kwashe roba da leda.
4. Mace in ta daɗe cikin neman namiji, jininta zai ƙare. A kai ta wurin likita.
5. A yi mata allurar annobar karnuka da ta haukan kare.
6. Kada a bar ta da jariri, kada a bar ta kusa da kaji.
7. Kowane cizo a wanke shi da sabuni minti 15, a tafi gidan likita.

Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama. Duk dabbar da mutum zai kawo gidansa, baƙuwa ce ko ta gida, ya fara tambayar abin da take ci, da yanayin da take jurewa, da cututtukan da take ɗauka. Ma'aikatan kiwo na gundumarku suna nan don irin wannan tambaya.